Cin Rani a Dajin Yankari

Duk wanda ya tambayi lokacin da ya fi dacewa a je Yankari, amsa ɗaya ake ba shi: ka bari sai rani. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, itatuwa sun zubar da ganye, kududdufan cikin daji sun ƙafe. Dabbar da ta yini inda ta ga dama a damina, yanzu dole ta gangaro kogin Gaji ta sha ruwa. Mai kallo ya san inda zai tsaya, ita kuwa ba ta da inda za ta ɓuya.

A watan Fabrairu na je, ni da abokan aikina uku. Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa ganin giwa sai a allon waya. Da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar mota daga sansanin Wikki, tare da wani dattijo mai yi mana jagora. Mun yi tafiyar kusan awa guda ba mu ga komai ba sai gwaggon biri da mugun dawa, waɗanda ko a bakin ɗakunan kwana ma suna nan. Can sai dattijon ya buga jikin mota, direba ya tsaya. Ya sauka, ya sa ƙafa ya fasa wani tulin kashi da ke gefen hanya, ya duƙa ya duba cikinsa, ya kalli wani reshe da aka karya. Ya ce, "Kafin asuba suka wuce, kuma da 'ya'ya a cikinsu. Ba za su yi nisa da ruwa ba." Ya sa aka juya mota. Ba a yi minti ashirin ba muka same su a inuwa, suna kaɗa kunnuwa.

A hanyar komawa muka wuce wasu mutane da adduna da shebur suna cike wani kwari da ruwan bara ya ci. Na ce, "Baba, waɗannan ma ma'aikatanku ne?" Ya ce, "Mutanen ƙauye ne, ɗana. Da ruwa ya sauka kowa zai koma gonarsa." Da dare na duba hotunan da na ɗauka. Giwa ta fito a sama da hamsin. Dattijon da ya kai mu wurinta da mutanen da suka gyara hanyar da muka bi, ko ɗaya ba su fito ba.

Idan ana ba da tarihin Yankari, shekaru huɗu ake jerawa: 1956 da aka amince a keɓe dajin, 1962 da aka buɗe shi ga jama'a, 1991 da ya koma hannun gwamnatin tarayya, da 2006 da aka mayar wa jihar Bauchi. Duk gaskiya ne. Amma ƙarƙashin wannan jeri akwai wani tarihi da ya girme shi, wato tarihin abin da talaka yake yi da watannin rani, da yadda hukuma ta riƙa sauya masa shi.

Tun kafin a ja iyaka, dajin nan ya san hannun mutum. A wurin da ake kira Shau Shau har yau akwai tsayayyun matoyan tama kusan sittin. A Dukkey akwai rijiyoyi sama da ɗari da aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa, waɗanda ake dangantawa da zangon ayari a zamanin cinikin bayi. Akwai kuma koguna hamsin da tara da aka sassaƙa a jikin dutse, masu ƙananan ƙofofi, waɗanda suke ɗauke da sunan P. J. Marshall da ya kai rahotonsu a 1980. Ana kyautata zaton mafaka ce ta lokutan yaƙi da farmakin masu kamun bayi. Wanda ya haƙa rijiya ya sassaƙa dutse ba ɗan wucewa ba ne. Daga baya mutane suka janye daga tsakiyar dajin, suka bar wa tsando da namun daji kwarin Gaji, suka zauna a gefe.

Janyewa ba ta nufin rabuwa. A ƙasar da ruwa yake sauka wata biyar kacal, daga Mayu zuwa Satumba, manomi yana da rabin shekara da gona ba ta bukatarsa. Da an yi girbi an cika rumbu, sai sana'ar rani ta tashi. Mai narka tama ya shiga neman gawayi. Mai zuma ya bi itatuwa. Masunci ya bi tafkunan da suka janye. Bafulatani ya gangaro da shanu inda akwai sauran ɗanyar ciyawa. Maharbi kuwa lokacinsa ke nan, saboda dalilin da ya sa aka ce mana mu zo a Fabrairu shi ne dalilin da ya sa shi ma yake fita a Fabrairu. Ya san mashaya, ya san sawu, ya san ta inda iska take kaɗawa. Wani ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci gwanki. Farauta tana da shugabanninta da ƙa'idojinta, kuma abin da take samarwa ba ya tsayawa a tukunyar gida. A ƙarni na 19 hauren giwa da gashin jimina suna cikin manyan kayan da ayari yake ɗauka daga Kano ya ƙetara Sahara zuwa Tarabulus.

Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902, kuma sun zo da nasu ra'ayi game da dabba. Tun 1900 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka zauna a Landan kan batun kare namun dajin Afirka. A 1916 aka kafa dokar kare namun daji a Nijeriya, wadda ta rarraba dabbobi aji-aji, ta hana kashe wasu, ta ce wasu sai da lasisi. Lasisi kuwa takarda ce da ake saya da kuɗi a ofis. Jami'in Bature yana iya sayenta ya fita harbi don nishaɗi ranar hutu. Maharbin ƙauye da ya gaji sana'ar daga kakansa, idan ya harbi dabbar nan ɗaya, ya zama mai laifi.

A daidai wannan zamani aka ɗora haraji da kuɗi. Mutumin da yake da hatsi a rumbu amma ba shi da sule a aljihu dole ya nemi inda ake biya. Ma'adinan kuza na tudun Jos suna nan kusa, suna haɗiye dubban leburori kowane rani. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi. Wasu suka nausa kudu gonakin koko. Cin rani ya daɗe a ƙasar Hausa kafin Bature, amma haraji ya faɗaɗa shi, ya mai da shi tilas ga gidaje da yawa. Hukumar da take rufe ƙofar daji ita ce take buɗe ƙofar ramin kuza, kuma mutum ɗaya ne yake tsaye tsakanin ƙofofin biyu.

A 1933 aka sake zama a Landan, aka fito da yarjejeniyar da ta ƙarfafa kafa gandayen da ba a farauta a cikinsu sam. Shekara guda bayan haka, a 1934, aka ba da shawarar a gwada irin wannan gandu a masarautar Bauchi. Maganar ta kwanta shekaru, har sai da ta sami mai goyon baya a cikin 'yan ƙasa, Alhaji Muhammadu Ngileruma, wanda ya riƙe ministan albarkatun ƙasa a Jihar Arewa, kuma ya ga irin wannan gandu a Sudan ya burge shi. A 1956 gwamnatin Arewa ta amince. A 1957 aka yanki dajin a matsayin gandun En'e ta Bauchi. Ranar 1 ga Disamba, 1962, aka buɗe shi ga masu kallo.

A lura da ranar. Farkon Disamba ne, ruwa ya ɗauke, hunturu ya shigo. Ko bikin buɗewa sai da ya jira rani.

To, daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wa zai tsare shi, wa zai nuna wa baƙo hanya a cikinsa? Takarda tana iya ja wa daji iyaka, amma ba ta san inda ɓauna take kwana ba. A gandaye da dama na Afirka amsar ɗaya ce: aka koma wurin mutanen da doka ta raba da bakansu, aka ba su kaki da albashi, aka ce su yi gadin abin da suka saba harbi. Dattijonmu ya ce mahaifinsa maharbi ne, kuma duk abin da ya nuna mana ran nan a wurinsa ya koya yana yaro. Ilimin bai canza ba. Da can ƙarshen bin sawu kibiya ce, yau ƙarshensa kyamara.

Aikin gandu yana bin kalandar ruwa sau da ƙafa. Damina tana cinye hanyoyi, ta yanke mashigai, gamba ta tashi ta fi mutum tsawo. Da kaka ta yi, sai a fara buɗe hanya: a sare rassan da suka rufe ta, a kawar da itatuwan da giwa ta kayar, a cike kwaruruka. Sai kuma ƙuna. Wanda bai sani ba zai yi mamakin ganin mai gadin daji yana cinna wa daji wuta, amma dabara ce. Idan aka ƙona ciyawa da wuri, a Nuwamba ko Disamba, tana da sauran danshi, wutar ba ta da zafi, tana ci tana tsallake wasu wurare, ba ta kashe manyan itatuwa irin su kawo da maɗobiya. Bayan 'yan kwanaki sabon toho ya fito, kanki da gwanki su taru a kai, ido kuma ya samu sarari. Idan aka bar ciyawar har Maris ta bushe ƙarau, wutar da wani zai saka daga baya ba ta barin komai. Filin da baƙo yake gani ya ce Allah Ya yi wa wurin nan kyau, akwai hannun mutum a cikinsa.

Daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, da lokutan hutun makaranta da na salla idan sun faɗo a rani, sansanin Wikki yana cika. Ruwan ɗumin da yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, wanda zafinsa yake tsaye a maki 31 dare da rana, shi kaɗai ya isa ya ja mutane, kuma daga gare shi ƙungiyar ƙwallon Bauchi, Wikki Tourists, ta samo suna. A wannan lokaci ake bukatar ƙarin hannu a ɗakin girki, a wanki, a shara, a tuƙi. Mai shayi da mai tsire a garuruwan kan hanya, daga Dindima zuwa Mainamaji inda ƙofar shiga take, su ma suna jin bambanci a aljihunsu. Da shamuwa ta bayyana, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai kasuwar ta watse.

Rani bai taɓa zama na mai kallo shi kaɗai ba, kuma shekarun 1980 sun nuna haka da zafi. Annobar bushiya da ta ratsa Nijeriya a 1983 ta kashe shanu masu ɗimbin yawa, ta shiga Yankari ta yi wa ɓauna da mugun dawa ɓarna. Cuta ba ta san iyakar gandu ba, saboda a rani saniya da ɓauna ruwa ɗaya suke nema. Fari ya biyo baya. Tattalin arziki ya taɓarɓare, kuɗin gudanarwa ya ja baya, farashin hauren giwa a kasuwar duniya ya yi sama har sai da aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989. Mutumin da gonarsa ba ta yi ba, shanunsa sun mutu, ga daji cike da nama a bayan gida, sai ka yi masa dogon wa'azi kafin ya zauna. Yunwa ba ta karanta allon gargaɗi.

A 1991 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 36, ta sa Yankari cikin gandayen ƙasa tare da irin su Gashaka-Gumti da Tafkin Kainji. Bayan shekara goma sha biyar, a zamanin gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, jihar Bauchi ta karɓe shi. Sauyin hannu bai dawo da abin da ya tafi ba. Raƙumin dawa ya ƙare a Yankari, kyarkeci ya ƙare, maraya ta ƙare. Raƙuman dawan da ake gani yau a gandun Sumu na jihar, daga Namibiya aka kawo su. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya kimanin ɗari huɗu ne kacal, mafi yawansu a dazukan da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. A Nijeriya wuri biyu kawai aka same su, Kainji da Yankari, kuma na Yankari 'yan ƙalilan ne. Giwayen da muka gani a inuwa suna cikin garken da ya fi kowane girma a ƙasar nan, amma duk garken bai kai yawan ɗaliban makarantar firamare ɗaya ta ƙauye ba. Wasu daga cikin masu gadin da suka tsaya tsakaninsu da bindiga sun rasa rayukansu a bakin aiki.

Akwai rabin shekarar da mai kallo ba ya gani. Idan damina ta yi nisa, ruwa ya wadata ko'ina, giwa ba ta da dalilin zama a bakin Gaji. Yankari ba shi da shinge. Masara ta yi goyo, dawa ta fara nuna, ƙamshinsu yana shiga daji. Garke ɗaya yana iya share gonar mutum a dare guda, abincin shekara ya tafi kafin kiran assalatu. Mutumin da ya yi mana gyaran hanya a Fabrairu don mu ga giwa, shi ne a Satumba yake kwana a gona da gwangwani da tocila don kada ya gan ta. Dabbar da muka biya kuɗi muka kalla, shi ma yana biya, sai dai nasa biyan da hatsi ne.

Daga nan wani sabon aikin lokaci ya fito. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ta shiga yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a 2014 don taimakawa wajen tsaron dajin, ta ɗauki mutane daga ƙauyukan kewaye a matsayin masu lura da giwa. Aikinsu su sa ido, su buga waya idan garke ya doso gonaki, masu gadi su zo su kora. An kuma ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam, don a san inda garke ya nufa. Wannan bai kawar da ɓarna ba, amma ya mai da idon manomi abin da ake biya, bayan shekarun da ake kallonsa a matsayin wanda ake zargi.

A nan sana'ata ta haɗu da wannan labari. Masu sintiri a Yankari suna tafiya da na'urar hannu da take rubuta hanyar da suka bi da abin da suka gani: sansanin mafarauta, tarko, garken shanu, sawun zaki. Sun fara da manhajar CyberTracker, daga baya aka koma SMART. Asalin CyberTracker abin a sani ne. A Afirka ta Kudu aka ƙirƙire ta a tsakiyar shekarun 1990, Louis Liebenberg da wani masanin kwamfuta Justin Steventon suka yi ta domin mabiya sawu waɗanda ba su yi boko ba. A maimakon rubutu sai aka sa hotuna: ka taɓa hoton dabba, ka taɓa hoton abin da take ci, na'ura ta ɗauki wuri da lokaci. Da wannan, wasu mabiya sawu biyu da ba su iya karatu ba suka tattara bayanai kan abincin baƙar karkanda, sunayensu suka fito a cikin marubutan maƙalar kimiyya a 1999. Manhajar ba ta koya musu komai game da karkanda ba. Ta ba abin da suka riga suka sani hanyar shiga littafi.

Na san yadda ake gina irin wannan rumbun bayanai, kuma na san halinsa. Abin da aka yi wa gurbi shi yake shiga, wanda ba a yi wa gurbi ba kamar bai faru ba. Akwai gurbin kilomita nawa aka taka, da mutum nawa aka kama, da gawar dabba nawa aka tsinta. Yadda dattijo ya san cewa akwai 'ya'ya a garke daga kallon kashi da karyayyen reshe ba shi da gurbi. Haka tarihin gandun yake tun 1956. Ana iya samun lambar doka da sunan minista da faɗin ƙasa. Mutanen da suka sare hanyar farko daga Mainamaji zuwa Wikki, tafiyar kilomita arba'in da wani abu a cikin tsando, an biya su ladan yini sun koma gona.

Abin da yake damuna ya wuce rashin ambaton suna. Ilimin bin sawu a farauta aka haife shi, farauta kuma an hana, bisa dalili mai ƙarfi, don in ba a hana ba da babu abin da zai rage. Ɗan maharbi ya koya daga ubansa a daji. Jikan maharbi fa, a ina zai koya? Idan aikin da daji yake ba shi na wata uku ne, ladan kuma bai kai abin da zai samu da babur ɗin haya a Bauchi ko Gombe ba, zai tafi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ana iya sayen abin wuya mai tauraron ɗan adam da kuɗin tallafi. Mutumin da ya shekara talatin yana karanta ƙasa ba a sayo shi daga ko'ina. Gandun da bai iya riƙe mutanen gefensa daga rani zuwa rani ba, wata rana zai wayi gari da taswira mai kyau a kwamfuta, ba mai iya kai baƙo inuwar da giwa take.

Ranar da za mu tafi na sami dattijon a gindin bishiya yana shan shayi, gwaggon biri na zaune nesa kaɗan yana jiran ya yi sakaci da burodinsa. Na ce, "Baba, cikin 'ya'yanka akwai wanda ya iya abin nan da ka yi jiya?" Ya yi dariya. Ya ce na farin yana Abuja yana gini, na biyun yana makaranta. "Ƙaramin ne yake bina idan an yi hutu. Yana da ido. In Allah Ya sa aikin ya riƙe shi, to. In bai riƙe shi ba, ai ba zan ɗaure shi ba."

Ya kalli sama ta gabas, inda babu ko ɗigon gajimare, ya ce saura wata biyu da 'yan kwanaki. Yana da gona a bayan ƙauyensu, kuma bana yana so ya riga kowa yin sharar ta.